Tuban Zaburoni

Keken limamin coci ne, ba tantama. Duk faɗin ƙauyen Rwenkoba babu mai keke da kwando a gaba sai shi. Ga shi an jingine shi a shingen gidan Kedresi da rana tsaka, gidan da har jariri ya san abin da ake dafawa a bayansa. Zaburoni Rwakana ya tsaya a kan hanya da fartanya a kafaɗa, yana harararsa kamar ya tarar da akuya a gonar wakensa.

Zaburoni shi ne shugaban dattawan coci. Limamai sun zo sun tafi a kan idonsa, ra'ayinsa a kansu kuwa bai taɓa sauyawa ba: limami baƙo ne, Bishof ya turo shi, Bishof zai ɗauke abinsa. Coci na waɗanda iyayensu suka hauro da duwatsun gininsa a ka daga kwari ne. Aikin limami bai wuce ya sa farar riga ba, ya yi baftisma, ya ɗaura aure, ya raba jibin Ubangiji, ya binne wanda ya cancanta. Wanda ya cancantan kuwa, ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai a tambayi Zaburoni. Limaman baya duk sun ɗauki wannan karatu tun ba su gama kwance kaya ba. Na yanzu, Rabaran Yosamu, har an girbe dawa an sake shukawa bai ɗauka ba. Gida-gida yake bi kamar mai tallan gishiri, ba ya tambayar na wane ne.

Ita kuwa Kedresi yayar Zaburoni ce, ciki ɗaya. Ita ta goya shi da uwarsu ta rasu. Sana'arta giyar dawa tun tana budurwa, ta yi aure da ita, mijinta ya mutu ya bar ta da ita. Shi kuma tun yana saurayi ya shiga cikin Cetattu, masu tashi a gaban jama'a su faɗi zunubinsu da bakinsu, kuma tun ranar ko ruwan gidanta bai ƙara sha ba. Yanzu ciwo ya kwantar da ita, ciki ya kumbura, ƙafafu sun yi suntum. Kowa ya san ba za ta ga girbi mai zuwa ba.

Bai shiga ba. Ya tsaya a bakin shinge ya yi gyaran murya, irin wadda yake yi a coci idan mata sun cika ƙus-ƙus.

Limamin ne ya fito, bakin baƙar rigarsa ya kwashi jar ƙasa, ƙwarya a hannu, yana share baki.

"A'a, Baba Zaburoni! Shigo mana. Yayarka ta ɗan ji dama yau, har ta tashi zaune."

"Rabaran, mene ne a ƙwaryar nan?"

"Bushera, Baba. Kunun jiya ne, ko tsami bai yi ba. Kurɓa ka ji."

"Kunu da giya uwarsu ɗaya, kwana ne ya raba su. Wa ya lissafa maka kwanan wannan?"

Sai ga muryar Kedresi daga ɗaki. Ciwo ya cinye jikinta amma ya bar mata harshe.

"Wa nake ji kamar autan gidanmu? Penina, leƙa ki gani, ko mala'ika ne ya yi ɓatan hanya."

Penina 'yarta, wadda mijinta ke aiki can gonakin shayi, ta leƙo ba fara'a. "Kawu ne, Mama."

"To miƙa masa kujera ta kan shinge, kada ƙurar gidanmu ta hana shi shiga sama."

Zaburoni ya haɗiye baƙar maganar. "Yaya, ba faɗa ya kawo ni ba. Maganar ɗaya ce, ta kullum. Ki sa a fasa tukwanen nan, a ɗauke ki a kai ki gaban 'yan'uwa, ki faɗi zunubinki da bakinki. Ranar da kika yi haka, ni da kafaɗata zan ɗauki gawarki, da ganga da mawaƙa. In kin ƙi, ki sani babu farar riga a bakin kabarinki."

"Ka makara, auta. Rabaran ya yi mini alkawari. Shi zai binne ni, da rigarsa da littafinsa. Ko na yi ƙarya, Rabaran?"

"Ba ki yi ba, Mama."

Maganar nan ta sauka a ƙirjin Zaburoni kamar taɓarya. A faɗi gaskiya, mutumin yana son yayarsa. So ne mai ƙaya, amma so ne. Ya yi imani har cikin ƙashinsa cewa in ta mutu a kan tukunyar giya wuta za ta, kuma ya san abu ɗaya tak take tsoro a duniya: a jefa ta rami ba addu'a, kamar mushe. Da wannan igiyar yake janta shekara da shekaru, yana jiran ranar da ciwo zai tausasa ta. Ga ranar ta matso, sai wani baƙo mai keke ya zo ya yanke igiyar yana murmushi. Zaburoni ya ji ya tsani yaron nan, tsanar da bai taɓa yi wa arne ba.

Da limamin ya kama hanya, Zaburoni ya bi shi a hawan tudu. Limami na tura keke, dattijo na biye da shi yana haki.

"Wa ya ba ka izinin wannan alkawari?"

"Bishof, Baba, ranar da ya danƙa mini wannan ikilisiya. Bai ce ga masu kirki ka kula da su ba. Duk gidan da hayaƙinsa ke tashi tsakanin kogin can da tsaunin nan, a wuyana yake. A cocinmu aka yi mata baftisma. Sunan Kedresin ma a nan ta samo shi."

"Ta tuba?"

"Abin da muka zanta da ita, tsakaninta da Allah ne. Ni kunne kawai na ara musu."

"Tuban ɗaka ke nan! Mu nan cikin haske muke tafiya. Zunubin da aka yi a kasuwa, a kasuwa ake tubansa. Rabin mazan ƙauyen nan a gidanta suka shanye rufin ɗakunansu, sai ta raɗa maka magana a kunne shi ke nan an wuce wurin?"

"Ni dai ban ga inda aka rubuta cewa sai Baba Zaburoni ya ji kafin Allah ya ji ba."

Da ma haka yaron yake, bakinsa ya fi hankalinsa sauri. Zaburoni ya ja ya tsaya.

"Kai yaro, tun uwarka na share maka majina nake riƙe da mabuɗin cocin nan."

"Riƙe shi da kyau, Baba. Ni a gonar ayaba zan binne ta, can kuwa babu ƙofa."

Ya haye kekensa ya bar dattijo da baki buɗe.

Zaburoni ya fara bi ta hanyar da ya saba. Ya tara dattawa, aka zartar cewa duk wanda ya mutu yana dafa giya, ba a kaɗa masa gangar coci, mawaƙa ba sa zuwa, kuma babu ma'aikacin coci da zai buɗe littafi a kansa. Rabaran Yosamu ya saurara har ƙarshe, ya ce ganga tasu ce, mawaƙa nasu ne, amma binne mutum aikin limami ne, dattawa ba su da ta cewa a ciki, zai je ko da shi kaɗai ne. Abin haushin, gaskiya ya faɗa, kuma kowa a ɗakin ya san haka. Zaburoni ya koma gida ya kasa cin abinci. Muddin yaron nan na cikin gidan limami, Kedresi ba za ta tuba ba. To ai kuwa gidan limami ba gado ba ne.

Kowace Alhamis da yamma Cetattu kan yi zumunta a cikin coci. Wanda Ruhu Mai Tsarki ya taɓa ya miƙe ya faɗi abin da ke cinsa: wannan ya yi fushi da matarsa, waccan ta ɓoye ƙwai ta ce kaza ba ta yi ba. Ƙa'idar wurin kuwa tsohuwa ce, ba mai taka ta. Mai tuba ba a katse shi, ba a yi masa tambaya, ba a mayar masa da martani. In ya gama a ɗauki waƙar yabo, wanda aka yi wa laifi ya tashi ya rungume shi, maganar ta mutu a nan. Zaburoni ya girma a cikin wannan ƙa'ida, ya san ta kamar yunwar cikinsa. Ya jira har Alhamis ɗin da babban limamin yanki ya kawo ziyara, wani tsoho mai furfura wanda shi ma ɗan zumunta ne, ya ƙi jinin abin kunya fiye da zunubin kansa.

Coci ya cika. Rabaran Yosamu na zaune a gaba kusa da baƙo, matarsa Foibe na layin mata. Bayan mutum biyu sun yi 'yan tube-tubensu, Zaburoni ya miƙe a hankali, ya riƙe bencin gabansa, ya sunkuyar da kai.

"'Yan'uwa, yau ni ne a gabanku. Na yi wa bawan Allah laifi a zuciyata, ina so in fito da shi haske."

Kowa ya juyo. Zaburoni ya tuba? Har masu gyangyaɗi suka farka.

"Na yi mummunan zato ga limaminmu. Ranar da na ga kekensa a ƙofar gidan giya da rana tsaka, Shaiɗan ya ce mini, ka gani ko? Ban tsawata masa ba. Da na gan shi ya fito da ƙwarya a hannu yana share baki, idonsa ya ɗan yi ja, Shaiɗan ya ce ya sha. Ni kuma na yarda. Ya ce mini kunu ne, 'yan'uwa, limami guda ya ce kunu ne, amma wannan muguwar zuciyar tawa ta ƙi gaskata shi. Ku yi mini addu'a."

Wata tsohuwa ta ce, "Yesu!"

"Bai tsaya nan ba. Na riƙa ganin keken, yau da gobe, yau da gobe, Shaiɗan na raɗa mini, marasa lafiya nawa ne a ikilisiyar nan, me ya sa sai gidan nan? Rannan kuma na hango shi a bayan ɗaki shi da 'yar gidan, wadda mijinta ba ya gari, ta sunkuya tana zuba masa ruwa a hannu suna dariya. Abin da na saƙa a raina a wannan lokacin, bakina ba zai iya faɗarsa a ɗakin Allah ba. 'Yar yayata ce, jinina. Shi kuma uban ikilisiya. Na tuba, 'yan'uwa. Rabaran, ka yafe mini."

Har da hawaye. Kuma abin da zai ba ka tsoro, hawayen na gaske ne, don kafin ya kai ƙarshe shi kansa ya fara jin daɗin tuban. Ko kalma ɗaya ta ƙarya bai faɗa ba. Keken ya gani, ƙwaryar ya gani, ruwan wanke hannun ma ya gani.

Tsoho Eriya, babban abokinsa a zumunta, ya ɗaga waƙa, jama'a suka amshe, ana tafi ana tsalle har ƙura na tashi daga daɓe. Amma idanu duk suna kan limami. Rabaran Yosamu ya miƙe. Zaburoni ya ga bakin ya buɗe zai yi magana, ya ga babban limami ya ɗan taɓa masa hannu, ya ga bakin ya rufe. Me zai ce? Mutum ya nemi gafararka a gaban Allah, ka tashi ka ce ƙarya yake yi? In ya kare kansa ya taka ƙa'ida a gaban shugabansa, in ya yi shiru ya amsa. Ya tako ya rungumi dattijo kamar mai rungumar buhun ƙaya.

"Allah na gani, Baba," ya ce a kunnensa.

"Shi ya sa na faɗa a ɗakinsa, ɗana."

Foibe ba ta yi waƙar ba. Ta ɗauki mayafinta ta fice ana kallonta, wannan ma aka ƙara shi cikin lissafi.

Sauran aikin bakin mutane ne ya yi. Kafin Lahadi, a rijiya an ce kwalba aka gani a kwandon keken. A kasuwa an ce Penina na da ciki. Da aka zo raba jibi, rabin layin mata suka ƙi tashi, limami na tsaye da ƙoƙo a hannu yana jiran mutanen da suka zuba wa ƙasa ido. Dangin mijin Penina suka zo suka zazzage ta a tsakar gida, uwarta na kwance tana ji. Wannan ya ɗan sosa wa Zaburoni rai, amma ya ce wa kansa ba a cire ƙaya ba jini. Babban limami bai binciki komai ba, ai ba wanda ya kawo ƙara. Ya dai ce domin zaman lafiyar ikilisiya, gara a mayar da Rabaran Yosamu wani coci can bakin iyaka, tafiyar yini biyu. Sabon limami sai bayan girbi. Kafin nan, dattawa su riƙe.

Ranar da babbar mota ta zo kwasar kaya, Zaburoni ya je karɓar ɗakunan. Foibe ta wuce ta gabansa da tukunya a ka, ta tofar da yawu a gefen takalminsa. Limamin ya rame.

"Baba, ka ci nasara. Abu ɗaya zan roƙe ka. Daga yau ba ni da ikon sa riga a ƙasar nan sai in dattawa sun gayyace ni. In ta cika, ka aiko mini."

"In ta tuba zan aiko."

"Kana ciniki da mutuwa kamar ka san ranar kasuwarta."

"Hau mota, Rabaran, direba na jira."

Washegari Zaburoni ya yi abin da ya yi shekara da shekaru bai yi ba: ya tsallaka shingen gidan Kedresi. Penina na tsakar gida tana ɓarar wake. Ta dube shi sau ɗaya, ta ɗauki kwandonta ta koma bayan ɗaki ba ko sannu. Ya sunkuya ya shiga. Ɗakin na warin ciwo. Abin da ya gani a kan tabarma ya girgiza shi, don shi a ransa har yanzu ƙatuwar macen nan ce mai ɗaukar tulu biyu ta hau tudu tana zagin na gabanta.

Ya durƙusa. "Yaya, limamin ya tafi. Saura ni da ke. Ba sai kin taka ba, zan sa a ɗauke ki a kan kujera. Kalma kaɗan ce. Ki ce na yi zunubi, na dafa giya, na tuba. Shi ke nan. In aika a dawo da shi ma in shi kike so."

Ta juyo da fuskarta gare shi.

"Ka kori mutumin da ke zuwa ya riƙe mini hannu. Ka jefa 'yata a bakin duniya. Duk don ka cece ni?"

"Don ranki, Yaya."

"Kai, Allah ya raba mu da ceton ɗan'uwa. In je in tsaya gaban wa? Gaban Eriya, da ya yi shekaru yana amai a bayan ɗakin nan kafin ya ga haske? In ce musu na yi zunubi da na ciyar da kai? Wandon farko da ka sa, giya ce. Allon da ka kai makaranta, giya ce. Karatun da kake buɗe littafi kana yi wa mutane tsawa da shi, daga gindin tukunyar can ya fito. Ka fara zuwa ka amayar da shi a gabansu, sai in biyo ka."

"Yaya, wuta ba wasa ba ce."

"Na yi maganata da Allah, ya ji. Kai ne ba ka ji ba, kuma ba za ka ji ba. Tashi ka fita, auta, kana tare mini iska."

Ya fita ransa a ɓace, amma bai karaya ba. Ya san yayarsa, zafinta na farko ne. A bar ta ta kwana biyu da tunanin ramin da ba addu'a, tsoro zai yi aikinsa. Ya yanke zai koma ranar Lahadi bayan an tashi daga coci.

Ranar Juma'a da hantsi yana gona yana tara wa dankali ƙasa, ya ji kururuwa ta taso daga kwari, ta mata, mai tsawo. Bai tambayi gidan wa ba. Fartanyar ta faɗi daga hannunsa.

Duk lissafin da ya yi, wannan bai shiga ciki ba. Abin nan barazana ce, ba niyya ba. Ko sau ɗaya bai taɓa zana wa kansa ranar da za a sa Kedresi a rami da gaske ba addu'a ba. Yanzu da ranar ta zo, wutar lahira ma ta fice masa a rai, abin da ya rage kawai matar da ta goya shi ce za a binne kamar mushe. Ya ruga.

Aika wa Rabaran Yosamu ba shi da amfani. Yini biyu zuwa, yini biyu dawowa, gawa mai kumburi kuwa ba ta jira. Ya hau tudu ya gangara zuwa ikilisiyar maƙwabta, ya iske limaminsu a ƙofar gida yana gyaran kujera. Da jin sunan gidan, mutumin ya dafe ƙugu.

"Wayyo, Baba, bayan nan nawa tun jiya. Kuma ka san ba a shiga gonar wani sai da izinin na sama. Gidan da ya ci limami guda, ni da 'ya'yana ƙanana? A yi haƙuri."

Ya dawo ya nufi gidan malamin coci, mai karanta addu'a in limami ba ya nan. Matarsa ta ce ya tafi ganin surukai, alhali ga takalmansa a bakin ƙofa. Daga nan sai wurin Eriya. Ya same shi da wasu dattawa a inuwar coci, da ma sun san zai zo.

"Eriya, a kaɗa ganga. A kira mawaƙa, ko mutum biyar ne."

"Ɗan'uwa, ta tuba?"

"Ta ce ta yi magana da Allah."

"A gaban wa?"

Zaburoni ya juya ga sauran dattawan.

"Kai ka koya mana, ɗan'uwa," in ji Eriya, da muryar nan tasa mai laushi kamar man shanu. "Da bakinka ka kawo dokar, mu hannu kawai muka ɗaga. Da uwar Tibenda ta mutu bara tana dafa giya, kai ka tsaya a ƙofar nan ka hana. Yau don taka ce sai a lanƙwasa? Jiki ne ke magana a bakinka. Ka yi tsayin daka, ranar Alhamis ka zo ka fito da shi haske, za mu yi maka waƙa."

Zaburoni ya ji kamar ya shaƙe shi. Ya shiga coci ya ɗauko littafin addu'a daga kan bagade, teburin da ke gaban coci.

"In ka buɗe shi a can, ka ajiye mabuɗi," Eriya ya faɗa a bayansa.

Ya ciro mabuɗin daga aljihu ya jefar a ƙasa, bai waiwaya ba.

Asabar da rana aka yi jana'izar, a gonar ayaba bayan ɗakinta. Mutane sun taru fiye da yadda ya zata, sai dai babu fuskar coci ko ɗaya. Mashaya ne, da matan da suke sayen dusa a wurinta, da 'yan dako, da tsofaffin da ta sha ba su abinci ba ta tambaye su komai ba. Da suka gan shi tafe cikin kwat ɗinsa ta Lahadi da littafi a hammata, surutu ya ɗauke. Ba wanda ya matsa masa. Sai da ya kutsa da kafaɗa.

An riga an saukar da akwatin. Ya tsaya ta wajen kai, inda limami ke tsayawa, ya buɗe littafi.

"Rufe shi, Kawu."

Penina ce, a ɗaya gefen ramin, ta ɗaure ƙugu da zanen uwarta. Idonta a bushe.

"'Yata, bari in yi mata. Ba kowa sai ni."

"Ni ba 'yarka ba ce, ni ce wadda mijinta ba ya gari. Ka manta? Mama ta bar saƙo. Ta ce in Rabaran Yosamu ya zo, a ba shi wuri. In bai zo ba, kowa ya yi mata addu'a, ko mahaukaci ne, ban da kai. Ta ce bakin da ya yi wancan tuban kada ya buɗe a kanta."

"Penina, yayata ce."

"Jiya ka sani?"

Wani ƙato daga cikin masu haƙa ya matso da shebur a hannu. "Dattijo, ka ji abin da aka ce. Ko ka rufe, ko mu rufe maka."

Ya rufe. Wani ya ja shi baya ta gwiwar hannu, ba da ladabi ba, har sai da ya koma layi na biyu.

Aka tsaya cirko-cirko. Ba wanda ya san yadda ake farawa. Can Penina ta ce, "Baba Bwengye, kai ka taɓa zama ɗan mawaƙa. Yi mata."

Bwengye tsohon mashayi ne, rabonsa da coci tun yana da haƙora. Ya cire hula ya matso, yana ɗan tangaɗi don tun safe yake jiƙa baƙin cikinsa. Ya kama addu'ar nan da duk wanda aka yi wa baftisma ya haddace tun yana ƙarami. Ya yi layin farko lafiya. Ya yi na biyu. A na uku ya yi tuntuɓe, ya koma farko, ya sake zuwa daidai wurin ya cije. Ya dubi hagu, ya dubi dama. Mutanen suka sunkuyar da kai, wasu na motsa baki ba abin da ke fita.

Zaburoni na da sauran a kan harshensa. Ya faɗe ta sau dubbai, a kan jarirai da amare da gawawwakin mutanen da bai damu da su ba. Kalmar gaba kawai zai jefa wa tsohon, ƙasa-ƙasa, ya ɗora. Ya ja numfashi. Penina ta ɗago ta zuba masa ido daga wancan gefen ramin, ba ta ƙifta ba har sai da ya saki numfashin.

Bwengye ya murɗa hularsa, hawaye na bin gemunsa.

"To, Kedresi, iyakar abin da na tuna ke nan. Ki yi haƙuri da shi." Ya juya ga masu shebur. "Ku zuba."

Suka zuba.